Tsohon Idon Kyamara a Ƙasar Hazo: Yadda Ake Gane Lalacewar Shafen Gilashi a Tambuwal da Kebbe

Tun lokacin da kyamarar dijital ta kori fim daga hannun masu ɗaukar hoto a shekarun farko na wannan ƙarni, sannan wayar hannu ta biyo baya ta ƙwace musu kaso mai tsoka na ƙananan ayyukan da suke rufin asiri da su, tsofaffin kyamarori irin su Zenit da Yashica da Pentax suka koma cikin adaka da ƙarƙashin gado, babu mai waiwayarsu. Sai dai jikin kyamarar ne kawai ya tsufa tare da fim. Idonta, wato bututun nan mai jerin gilasai da ake ɗaurawa a gaba domin ya tattara haske ya zana hoto, bai san bambanci tsakanin fim da na'urar zamani ba, kuma da ɗan zoben ƙarfe da ake kira adafta ana iya ɗaura idon da aka ƙera a 1975 a jikin kyamarar da ta fito bana. Wannan ne ya dawo da tsofaffin idanu kasuwa a duniya baki ɗaya, shi ne kuma ya sa matashin da ke ɗaukar bidiyon biki ko hoton saukar Alƙur'ani a Tambuwal ko Dogon Daji ko Kebbe, wanda sabon ido mai kyau ya fi ƙarfin aljihunsa, yake da dalilin tambayar abin da ya rage a ɗakin tsohon mai hoton garinsu, ko ya aika a sayo masa a hannun 'yan gwanjon Sakkwato da Kano da Legas.

Tambuwal da Kebbe ƙananan hukumomi ne biyu maƙwabtan juna a kudancin Jihar Sakkwato, waɗanda ke da wakili guda a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega, ita kuwa Kebbe tana can ƙasa da ita, inda jihar ta yi iyaka da Kebbi da Zamfara. Mai sayen ido a wannan yanki yana nesa da duk wani ƙwararren mai gyara da zai buɗe masa shi ya duba, saboda haka kayan binciken da yake da su ba su wuce idanunsa da fitilar wayarsa da kyamarar da zai ɗaura idon a kanta ba. Waɗannan ukun sun isa, matuƙar ya san abin da yake nema. Abin takaicin shi ne mafi yawan masu saye suna hukunci da kyan gani: mutum ya ga karce guda mai zurfi a gilashin gaba sai ya fasa ciniki, alhali karcen ba zai taɓa bayyana a hoto ba, sannan ya zuba kuɗinsa a kan wani idon mai ƙyalli a rana wanda dubban siraran ƙarzuwa suka cinye shafensa, ya koma gida yana mamakin abin da ya sa hotunansa suke fitowa a koɗe.

Kafin a gane lalacewa dole ne a san aikin abin da ya lalace. Duk lokacin da haske ya fito daga iska ya faɗa kan gilashi, ko ya fita daga gilashi ya koma iska, wani ɓangare nasa yakan juyo baya maimakon ya wuce, kuma a gilashin da ba a shafa masa komai ba abin da ke juyowa ya kai kimanin kashi 4 cikin 100 a kowace fuska. Adadin bai yi kama da abin damuwa ba, amma idon kyamara gilasai ne da yawa a jere. Helios-44, idon da ya fi rakiyar kyamarar Zenit ta Tarayyar Sobiyet, yana da gilasai 6 da aka haɗa rukuni 4, wato fuskoki 8 da ke kallon iska, kuma da a ce babu shafe a kansu, da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ya salwanta a hanya. Asarar hasken ma ita ce ƙaramar matsalar. Babbar ita ce hasken da ya juyo yana ci gaba da kai-komo tsakanin gilasan har wani sashe nasa ya fantsama a kan hoton ba tare da ya zana komai ba, sai baƙi ya koma toka-toka, launi ya dusashe, bambancin haske da duhu wanda shi ke ba hoto ƙarfi ya ragu.

Shafe shi ne maganin da aka samo wa wannan matsala. Wani siririn lulluɓi ne na ma'adini, wanda mafi shahararsa shi ne magnesiyam fuloraid, da ake ɗora wa fuskar gilashi a cikin wata rufaffiyar tukunya da aka zuƙe iskar cikinta, inda ake ƙona ma'adinin ya zama tururi ya sauka a kan gilashin. Haske yana tafiya ne a igiya mai hawa da sauka, kuma tazarar da ke tsakanin hawa ɗaya da na gaba ita ake kira tsawon zango. Idan kaurin shafen ya zama rubu'in tsawon zangon hasken da ke ratsa shi, to hasken da ya juyo daga saman shafen da wanda ya juyo daga gilashin da ke ƙarƙashinsa sukan haɗu a saɓe, hawan wannan ya faɗa kan saukar wancan, su kashe juna. Ga koren haske, wanda idon ɗan Adam ya fi ji da shi, wannan kauri bai wuce kusan nanomita 100 ba, wato kashi ɗaya cikin 10,000 na milimita. A kan wannan ɗan abu ake duk ciniki, kuma ƙanƙantarsa ita ke bayyana dalilin da ya sa bakin riga da ƙura suke iya gamawa da shi.

Hanyar gano shi ta faro ne daga tsufa. A 1886 masanin kimiyya Lord Rayleigh na Ingila ya lura cewa tsohon gilashin da iska ta dusashe fuskarsa yana barin haske ya wuce fiye da sabon da aka goge, kuma a 1904 Harold Dennis Taylor ya yi rajistar wata hanya ta tsufar da gilashi da sinadarai da gangan, sai dai hanyar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Shafe na zamani ya samo asali ne daga aikin Alexander Smakula, ɗan asalin Yukiren da ke aiki a kamfanin Carl Zeiss a birnin Jena na Jamus, wanda ya yi rajistar fasaharsa a 1935, aka kuma ɓoye ta na wasu shekaru a matsayin sirrin soja saboda amfaninta ga madubin hangen nesa. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, shafe ya zama ruwan dare a idanun kyamarorin kasuwa. Shafen farko-farko yana da laushi ƙwarai, har aka gano cewa idan aka ɗumama gilashin zuwa wajen digiri 300 yayin ɗora shi yakan yi tauri ya kama sosai. A 1971 kamfanin Asahi Pentax na Japan ya fito da idanu masu shafe hawa 7 da ya sa wa alamar SMC, sauran kamfanoni kuma suka fito da nasu: Zeiss da alamar T*, Canon da S.S.C., Fuji da EBC, masana'antun Sobiyet kuma da MC. Shafe hawa ɗaya yana rage abin da ke juyowa zuwa kimanin kashi ɗaya da rabi cikin 100, mai hawa da yawa kuma zuwa ƙasa da rabin kashi ɗaya.

Wannan tarihi yana da amfani kai tsaye ga mai saye, domin haruffan da ke zagaye da gilashin gaba da launin da gilashin ke nunawa suna gaya masa irin abin da ke hannunsa. Gilashin da ba shi da shafe yana mayar da haske fari fat, mai shafe hawa ɗaya yakan nuna shuɗi ko shunayya ko ruwan zuma, mai hawa da yawa kuma yakan nuna kore da ja-ja masu duhu, wani lokaci fuskoki daban-daban da launi daban-daban a cikin ido guda, wanda haka aka ƙera shi. Ido na shekarun 1940 da farkon 1950 kusan kullum ana samunsa da tabon goge-goge saboda laushin shafensa, ba a kuma yi masa hukuncin da za a yi wa na shekarun 1980, wanda idan aka ga shafensa ya ci to lallai an wulaƙanta shi.

A nan ne yanayin ƙasar Sakkwato yake shiga maganar, kuma ya kamata a daɗe a kansa, domin ido ɗaya da zai yi shekara hamsin lafiya a wata ƙasa yana iya tsufa cikin 'yan shekaru a Tambuwal. Daga watan Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, wadda kaso mai yawa nata yake tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ta zo ta haɗu da ƙurar gida ta hanyoyin burji da filayen kasuwa da kofatan dawakin hawan Sallah. A cikin wannan ƙura akwai ƙwayoyin kwats, ma'adinin da shi ne mafi yawan abin da ke cikin yashi, wanda taurinsa ya kai 7 a ma'aunin Mohs na taurin duwatsu, alhali gilashi na yau da kullum yana tsakanin 5 da rabi zuwa 6, wasu gilasan tsofaffin idanu ma ba su kai haka ba. Ƙurar da ta sauka ta kwanta a kan gilashi ba ta karce shi, kuma 'yan ƙwayoyi a fuskar gaba ba sa rage wa hoto komai. Ɓarnar tana faruwa ne a lokacin da mai hoto ya sauko daga kabu-kabu a ƙofar gidan biki, ya ga gilashin ya yi fari, ya hura masa numfashi, ya kama bakin rigarsa ko hankicinsa ya murza a zagaye. Yadin da kansa ya kwashi ƙura a hanya, numfashin kuma ya manne ƙwayoyin a jikin gilashin, sai kowace murzawa ta bar siraran layukan da ido ba ya gani a ranar. Bayan shekara biyu ko uku na irin wannan tsafta, tsakiyar gilashin takan koma kamar gindin tukunyar da aka daɗe ana darzawa da yashi. Abin da ya fi ciwo a nan shi ne mai kula ne yake yin wannan ɓarna, domin idon malalacin da ya bar murfi a rufe yakan fi na mai yawan goge-goge lafiya.

Akwai kuma abubuwan da ke sauka a kan gilashi a wajen aiki waɗanda ba ƙura ba ne. Feshin turare a ɗakin amarya, da hayaƙin turaren wuta mai maiƙo, da hayaƙin janareto, da gumin yatsa mai gishiri, duk suna barin tabo, kuma idan tabon ya daɗe ba a cire shi ta hanyar da ta dace ba yana iya cin shafe mai laushi ya bar zanensa har abada.

Damina tana zuwa da nata nau'in lalacewar, wanda ya fi na hunturu ɓuya. Kudancin jihar ya fi arewacinta samun ruwa, kuma a watan Agusta, lokacin da ruwan ya fi ƙarfi, ɗakin ƙasa da akwatin da ba a buɗewa sukan riƙe laima na kwanaki. Fumfuna tana tsirowa a cikin ido idan danshin iska ya haura kashi 70 cikin 100 na 'yan kwanaki a jere a wuri mai duhu da ɗumi marar iska, tana cin ƙura da maiƙo da zaren yadin da suka shiga ciki. Takan fara daga gefen gilashi ta miƙa zare-zare masu rassa zuwa tsakiya, kuma yayin da take girma tana fitar da wani ruwa mai tsami da ke cin shafe, idan ta daɗe har gilashin kansa. Saboda haka fumfuna iri biyu ce a wajen ciniki: sabuwa wadda idan an buɗe an wanke za ta tafi ba ta bar komai ba, da tsohuwa wadda ko an kashe ta sawunta ya riga ya zauna a fuskar gilashin. Daga waje ba a iya rantsuwa a kan wace ce wace, don haka mai hankali yakan saya da farashin tsohuwa. Jakar fatar da tsofaffin idanu ke zuwa a ciki, wadda mai sayarwa yake nunawa a matsayin shaidar kulawa, ita ce babbar matattarar laima da fumfuna, kuma warin ruma idan ya tashi daga cikinta ya isa ya sa a tsananta bincike.

Bazara ita ce ta uku. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a ƙasar Sakkwato, a ƙarƙashin rufin kwano ko cikin motar da aka rufe kuwa ya wuce haka nesa. Man da aka sa wa zaren juya ido domin ya yi sulɓi yakan narke, wani ya gangaro kan faifayen ƙofar haske, wato siraran ƙarafan da ke buɗewa da tsukewa domin daidaita yawan hasken da ke shiga, wani kuma ya tashi tururi ya kwanta a fuskokin gilasan ciki. Abin da ke biyo baya shi ne hazon ciki, wani farin dishi-dishi da ya lulluɓe fuska gaba ɗaya, kuma a cikin duk aibubbukan tsohon ido babu wanda ya kai shi kashe hoto, duk da cewa shi ne mafi wuyar gani ga wanda bai haska ba. Zafi yana kuma raunana gam ɗin da ya manne wasu gilasan biyu-biyu, musamman a tsofaffin da aka manne da ƙaron wata bishiyar Kanada, sai su fara rabuwa daga gefe, rabuwar ta bayyana da launin bakan gizo ko ɗorawa-ɗorawa mai sheƙi. Mutane da yawa sukan ɗauki wannan a matsayin lalacewar shafe, alhali cuta ce dabam, wadda kan ci gaba da faɗaɗa.

Binciken da kansa yana farawa ne da tsaftacewa, domin ba a hukunta gilashi mai datti. A nemi izinin mai kaya, a hure ƙurar da famfon roba, a kuma juya gilashin ya kalli ƙasa yayin hurawa domin ƙwayoyin su zube, sannan a ɗiga sifirit mai tsabta a kan sabuwar auduga, a ja sau ɗaya a hankali daga tsakiya zuwa gefe ba tare da dannawa ba. Tabon da ya motsa ko ya canza siffa datti ne, wanda ya tsaya inda yake kuwa ya zama na gilashin. Daga nan sai a tsaya a gefen taga ko ƙarƙashin ƙwan lantarki guda, a karkata idon sannu a hankali ana bin hoton hasken yayin da yake yawo a fuskar gilashin. A fuska mai lafiya launin hoton hasken yana nan iri ɗaya daga gefe zuwa gefe. Inda shafe ya tafi kuwa launin yakan yanke farat ɗaya, wurin ya yi haske fari fiye da kewayensa, wani lokaci da baki mai kama da taswira, wani lokaci ɗigo-ɗigo. A yi wa gilashin baya irin wannan dubawa, a ma fi daɗewa a kansa.

Mataki na biyu yana buƙatar wuri mai ɗan duhu, kuma zaure ya wadatar. A cire murafen biyu, a buɗe ƙofar haske iyakarta, a haska fitilar waya daga baya a karkace yadda hasken ba zai shiga idon mai dubawa kai tsaye ba, a duba ta gaba, sannan a juya a maimaita. Wannan gwaji ba ya rufa wa kowane ido asiri, har sabon da aka ciro daga kwali zai nuna 'yar ƙura, don haka wanda ya yi shi karon farko bai kamata ya firgita ba. Abin da ake nema shi ne siffar abin da hasken ya tona. Ƙura ɗigo ne masu haske a warwatse, tsakaninsu kuma baƙi ƙirin. Tabon goge-goge siraran layuka ne masu lanƙwasa da suka fi taruwa a tsakiya, suna walƙiya suna ɓacewa yayin da fitilar ke motsi. Fumfuna tana da rassa, hazo kuma ba shi da siffa ko kaɗan, fuskar ce gaba ɗaya take yin fari idan haske ya ratsa ta. Idan aka karkata idon kaɗan, abin da ke fuskar waje da wanda ke can ciki ba sa gusawa daidai da juna, da haka ake gane zurfin da aibin yake.

Bayan an ga aibi sai a auna nauyinsa, kuma ma'aunin abu biyu ne, wato faɗin wurin da ya ci da kuma inda yake. Kowane ɗigo na hoto ana zana shi ne da hasken da ya ratso ta wani yanki mai faɗi na gilashin gaba, saboda haka karce guda, ko ɗan ɓallin da bai kai ƙwayar gero ba, yana taɓa ɗan ƙanƙanin kaso ne na hasken, kuma yana kusa da kyamarar ƙwarai yadda ba zai fito da siffarsa a hoto ba. Tsofaffin masu gyara ma sukan cike irin wannan karce da baƙar tawada domin kada ya watsa haske, idon ya ci gaba da aiki shekaru. Ɗan wurin da shafe ya goge a gefe yana mayar da wurin ne kawai zuwa kashi 4 na gilashi tsirara, a fuska ɗaya daga cikin takwas ko fiye. Amma dubban siraran layuka da hazo suna aiki a faɗin fuskar duka, suna watsa haske ta ko'ina, don haka su ne ke koɗar da hoto. Aibin gilashin baya kuma ya fi na gaba nauyi, domin a can hasken ya riga ya tsuke yana dab da sauka a kan na'urar ɗaukar hoto, kuma abin ya fi tsanani a idanu masu ɗaukar fili mai faɗi da lokacin da aka tsuke ƙofar haske.

Akwai abubuwan da ke tsorata mai saye a banza. 'Yan kumfar iska a cikin gilashi daga masana'anta suka fito, kuma sun zama ruwan dare a tsofaffin idanun Jamus da Sobiyet. Fararen ɗigo a can gefen gilashi yawanci baƙin fentin da aka shafa wa kaurinsa ne ya ɗago. Wasu idanun shekarun 1960, irin su Super-Takumar 50mm f/1.4 na Pentax, sukan rine su koma ruwan shayi saboda sinadarin toriyam da aka zuba a gilashinsu, kuma hasken rana yana rage rinin a hankali, sai dai wanda zai gwada wannan a Kebbe ya tsaya ga ranar safiya ta lokacin sanyi, domin ranar bazara za ta narkar da mai ta haifar da hazon da ya fi rinin muni.

Hukunci na ƙarshe yana hannun kyamara. A ɗaura idon, a ɗauki mutum sanye da farar shadda yana tsaye a rana a bakin ƙofa mai duhu, a duba ko duhun ƙofar ya fito baƙi ko ya yi toka, a kuma duba ko farin rigar ya yi feshi ya zubo bayan iyakarsa. A sake ɗaukarsa da yamma rana tana bayansa, wanda shi ne yanayin da mai hoton biki ya fi haɗuwa da shi bayan la'asar. A tsuke ƙofar haske zuwa lamba 16 a ɗauki sarari ko farin bango domin tabon gilashin baya ya bayyana, da dare kuma a buɗe ta duka a ɗauki ƙwayayen lantarki daga nesa ba tare da saita su ba, domin a cikin da'irorin hasken da za su fito ana ganin zanen fumfuna da karce ƙarara. Kowane hoto a maimaita shi da wani idon da aka san lafiyarsa, a tsaye a wuri guda, tunda tsohon ido mai shafe hawa ɗaya ko yana da cikakkiyar lafiya ba zai kai na zamani ƙarfin launi a gaban rana ba, kuma wannan laushi nasa shi ne ma abin da wasu masu bidiyo suke nema.

Game da gyara, gaskiyar ba ta da daɗi. Hazon mai da sabuwar fumfuna suna wankuwa idan an sami wanda ya iya buɗe ido ya mayar da kowane gilashi yadda yake ba tare da ya juya fuskarsa ba. Shafen da ya tafi kuwa ba ya dawowa da wani ruwa ko mai. Sabunta shi yana nufin a kankare tsohon gaba ɗaya ba tare da an sauya lanƙwasar gilashin ba, sannan a mayar da shi tukunyar da aka zuƙe wa iska, aikin da kuɗinsa ya ninka kuɗin ido irin Helios sau da yawa. Masu darza gilashi da man goge baki ko man goge ƙarfe domin su ɓatar da tabo suna cire sauran shafen ne, su kuma ci fuskar gilashin, idon ya fito yana sheƙi a hannu alhali ya mutu. Gilashin gaba mai mayar da haske fari fat a idon da sauran fuskokinsa ke da launi alama ce ta cewa an yi masa wannan aiki. Abin da ya rage ga mai ido shi ne kiyaye wanda yake da shi: filta marar launi a gaba domin ita ta sha ƙurar hunturu da goge-gogen, hular kare rana wadda ke rage feshin haske ko a idon da shafensa ya ci, murfi a rufe a kan hanya, da kuma fitar da ido daga jakar fata da damina a sa shi cikin robar da ke rufuwa ruf tare da ƙullin silika mai shan danshi, irin wanda ake samu a kwalin takalmi da na magani, ana busar da ƙullin lokaci-lokaci.

Saura maganar ciniki, wadda a Tambuwal, garin da tarihinsa ke haɗe da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ba baƙuwa ba ce. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamai, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, sun hana mai sayarwa ɓoye aibin kayansa, sun kuma ba mai saye zaɓin mayarwa idan ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa, amma wanda ya ga aibi ya yarda ya saya ba shi da wannan zaɓi. Aibin shafe yana da wuyar sha'ani a nan, domin sau da yawa mai sayarwar da kansa, musamman magajin da ya tarar da kayan mahaifinsa, bai san da shi ba, kuma hoton da ake turowa ta WhatsApp daga Kano ko Legas, wanda aka ɗauka a haske mai laushi daga gaba, ba ya nuna hazo ko tabon goge-goge, don haka sayen da aka yi a kansa cinikin biri a sama ne. Mai saye daga nesa ya nemi a turo masa bidiyon gwajin fitila ta gaba da ta baya kafin ya tura kuɗi. Wanda ke sayen hannu da hannu kuma ya nemi a ƙulla cinikin da sharaɗin gwaji na kwana biyu ko uku, wanda shari'a ta yarda da shi, ya tabbata a cikin kwanakin ya ɗauki hoto da ranar yamma da kuma fitilun dare, sannan ya rage kuɗi kaɗan a kan karcen gaba, ya rage da yawa a kan fumfuna da rabuwar gam, ya mayar da duk idon da hazo ko goge-goge suka mamaye gilashinsa na baya.